Fuska Ta Rufe Murya: Wasan Chuanju na Lardin Sichuan

Duk wanda ya je birnin Chengdu yawon buɗe ido, da wuya ya dawo ba a kai shi ya ga mai sauya fuska ba. Ɗan wasa zai fito cikin alkyabba da doguwar hula, fuskarsa ja wur. Ya ɗaga mafici ya gitta, sai ga ta kore. Ya girgiza kai, ta koma baƙa. Kafin ka gama tafi ya sauya sau biyar ko shida. Sinawa na kiran wannan dabara bian lian, kuma ita ce tambarin da duniya ta san wasan Chuanju da shi. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, dabarar da ta fi shahara ita ce mafi ƙarancin faɗa mana ko mene ne Chuanju, kuma shahararta ta danne abin da ya kamata a saurara.

Chuanju, wasan kwaikwayo na waƙa da ake yi da karin harshen Sichuan, ɗaya ne daga nau'o'i 348 da ƙidayar hukumomin al'adun Sin ta bayyana a 2017. Asalinsa gauraye ne. Yaƙe-yaƙen ƙarshen daular Ming a ƙarni na 17 sun kwashe jama'ar Sichuan, sai daular Qing ta cike gurbin da baƙi daga wasu larduna, kowa ya zo da waƙarsa. Salon gaoqiang ya samo tushe daga Jiangxi, kunqiang daga Jiangsu, tanxi daga Shaanxi, huqin mai tafiya da goge daga Anhui da Hubei, sai dengxi, wasan fitilu na ƙauyukan Sichuan kanta. Ƙungiyoyin waɗannan salo sun daɗe kowace na cin gashin kanta, har 1912 lokacin da 'yan wasa suka haɗu a Chengdu suka kafa ƙungiyar Sanqinghui, suna wasa a gidan shayi na Yuelai. A nan salo biyar ɗin suka zauna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Cikin biyar ɗin, gaoqiang ne ƙashin bayan wasan, kuma shi ne ya fi wuya. Ba goge, ba sarewa. Mawaƙi zai tsaya da muryarsa tsirara, ba abin da ke riƙe masa kari sai ganga da kuge da katakon da ake ƙwanƙwasawa. Idan ya kauce, kowa ya ji. Abin da ke tallafa masa shi ne bangqiang, wato amshi daga gefen dandamali. A da mai ganga ne ke jan amshin, sauran makaɗa su karɓa. Daga shekarun 1950 aka fara ba mata wannan aiki. Amma amshin nan ba maimaici ba ne kawai. Wani lokaci shi ke buɗe waƙa ya kafa wa mawaƙi kari. Wani lokaci ya bayyana wuri da yanayi. Mafi ban sha'awa, yakan faɗi abin da ke zuciyar ɗan wasa wanda bakinsa ya ƙi furtawa, ko ya yi masa shaguɓe kamar maƙwabcin da ke leƙe ta katanga. Ke nan mutum ɗaya na iya yin ƙarya da bakinsa yayin da amshi ke tona masa asiri a kunnen 'yan kallo. Wannan sauyin fuska ne da ya fi na bian lian zurfi, sai dai wanda bai ji harshen ba ba zai gan shi ba.

Haka ma gwanintar jiki. A ɗauki guntun wasan nan mai suna Kogin Kaka, wanda aka tsakuro daga wani wasan zamanin Ming na Gao Lian. Chen Miaochang, budurwa 'yar zuhudu, ta gudo daga gidan ibada tana bin masoyinta, ta iso bakin kogi ta tarar da wani tsoho mai fito. Dandamali wayam, ba jirgi, ba ruwa, sai filafili ɗaya a hannun tsohon. Da ta sa ƙafa a "jirgin", sai ta nutsa kaɗan, shi kuma ya ɗaga. Ya nutsa, ita ta ɗaga. Gwiwoyinsu ne igiyar ruwa. Ita hankalinta ya tashi, shi kuwa ya gane sirrinta sarai, yana ta jan ƙafa yana tsokanarta. Idan ɗayansu ya yi jinkirin numfashi guda, jirgin ya ɓace. Wasan ya yi fice a bikin wasannin gargajiya na ƙasa da aka yi a Beijing a 1952, har wasan Beijing mai ji da kansa ya aro shi.

Ita kanta sauya fuskar ba ta fito daga sama ba. Hanyoyinta uku ne: shafa fenti da aka ɓoye a gira ko goshi, hura garin launi ya manne a fuskar da aka shafa wa mai, da fizgar siraran fuskokin siliki da zare ɗaya bayan ɗaya. A wasan Farar Macijiya, aljanin kwanon sihiri da ake turowa ya kama jarumar shi ke sauya fuskoki, kuma kowane launi na ƙara nuna tsananin barazanarsa. Akwai dalili, akwai labari. Da aka cire dabarar daga labarinta aka kai ta wuraren cin abinci irin su Haidilao, sai ta zama siddabaru, tambayar mai kallo ta tashi daga "me ya same shi?" ta koma "yaya ya yi?"

Za a ce, ai da ita ake ci. Gaskiya ne, kuma ba hujja ce ta rainawa ba. Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 ya hana tsofaffin wasanni, talabijin ya kwashe matasa, masu zuwa gidan shayi suka tsufa. Fim ɗin Wu Tianming na 1996, Sarkin Fuskoki, ya sa mutane da yawa jin sunan Sichuan, kuma kuɗin baƙi na ciyar da iyalai. Sai dai tarihin wasan na baya-bayan nan ya nuna cewa duk farfaɗowar da ta yi tasiri daga rubutu da murya ta zo. A 1985 Wei Minglun ya rubuta Pan Jinlian, ya ɗauko matar da adabin Sin ya daɗe yana tsine wa, ya jawo Anna Karenina da sarauniya Wu Zetian kan dandamali su yi muhawara a kan laifinta, ƙasa ta ɗauki zance. 'Yar wasa Shen Tiemei ta Chongqing ta ci lambar yabo ta Furen Mei har sau uku, kuma wasan Jinzi da ya ɗaukaka ta, waƙa ce da wasan jiki. Sauya fuska kuwa, mai naci na iya ƙwarewa a kanta ba tare da ya taɓa rera baiti ɗaya ba, alhali mai gangar da zai riƙe ɗaruruwan karin gaoqiang a ka, ya san inda mawaƙi zai ja numfashi, sai ya shafe shekaru a gefen dandamali, inda kyamarar baƙo ba ta juyawa.