Kunne Ba Baki: Tarihin Rediyo a Kan Iyakar Gobir

Tun shekarar 1933 masu sha'awar rediyo a Amurka suke da wata al'ada. A ƙarshen watan Yuni, lokacin da zafi ya kankama, ƙungiyoyinsu kan kwashi na'urori su fita fili, su kafa rumfa, su ɗaura waya tsakanin bishiyoyi, su jona batir ko janareta, su kwana suna kiran takwarorinsu na nesa. Manufarsu ita ce su gwada ko za su iya isar da saƙo ranar da wuta ta ɗauke, tarho ya mutu. Gajeren zango kan doki saman sararin samaniya ya dawo ƙasa, don haka ƙaramar na'ura kan kai murya ɗaruruwan kilomitoci ba tare da turken kowane kamfani ba.

Ƙasar Gobir ta san rediyo, amma ta fuskar sauraro. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, gidan sarautar Gobir ya rabu: wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni. Ingila da Faransa suka zo suka ja iyaka a tsakani. Rediyo ce ta yi biris da wannan layi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma akwati ɗaya a gindin bishiya a Isa kan kamo Yamai kamar yadda yake kamo Kaduna.

A tsallaken iyaka ne aka yi yunƙurin bai wa mai sauraro baki. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Jagora, galibi malamin makaranta, kan tara mutanen gari a dandali su saurari shiri a kan noma ko lafiya, su tattauna, ya naɗi muryoyinsu a rakoda, a aika Yamai a saka a shiri na gaba. Talaka ya ji muryarsa a akwati, sai dai na'urar watsawa tana hannun gwamnati.

Ranar biyan kuɗin wannan giɓi ta zo a Satumban 2021, da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don daƙile 'yan bindiga. Akwatunan rediyo suka ci gaba da kawo labarin duniya, amma ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar sanar da maƙwabcinsa. Waɗanda ke kusa da iyaka suka koma neman layin Nijar.

Akwai hujjar tsoro: na'urar da za ta kira agaji za ta iya faɗawa hannun ɓarayin daji. Amma tsarin masu sha'awar rediyo ya ginu ne a kan lasisi da lambar kira, wadda a Nijeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma 5U, kuma a fili ake magana, kowa na ji. Da makarantun sakandare da na fasaha a gabashin Sakkwato za su kafa irin waɗannan kulob da izinin hukuma, su riƙa fita atisaye ko da sau ɗaya ne a bazara, da kowane gari ya samu matasan da suka iya ɗaga waya a kan bishiya su kira Sakkwato ranar da layi ya sake ɗaukewa.