Liquidmetal: ƙarfen gilashi da jita-jitar kasuwar hannun jari

Liquidmetal Technologies ƙaramin kamfani ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda sunansa ya fi kayansa yawo. Jarinsa shi ne fasahar da ake kira ƙarfen gilashi.

Idan narkakken ƙarfe ya huce a hankali, ƙwayoyinsa kan jeru sahu-sahu. Idan kuwa aka sanyaya shi cikin gaggawa, ba sa samun lokacin jeruwa, sai su daskare a hargitse kamar na gilashi. Abin da ke fitowa ƙarfe ne mai ƙwari, mai jure tsatsa, wanda ake zubawa a mazubi kusan kamar roba. Aibinsa shi ne idan aka matsa masa fiye da kima yakan tsage farat ɗaya, ba ya lanƙwashewa. Pol Duwez da abokan aikinsa ne suka fara samar da shi a jami'ar Caltech a 1960, daga zinariya da silikon. A farkon shekarun 1990 William Johnson da Atakan Peker suka haɗa wani nau'i mai suna Vitreloy, wanda ke ba da damar ƙera abu mai kauri, kuma a kansa kamfanin ya ginu.

An fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq a 2002 kan dala 15. Daga baya farashin ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, kamfanin kuma ya bar Nasdaq.

A watan Agustan 2010 Apple ya biya dala miliyan 20 don ya zama shi kaɗai ke da izinin amfani da fasahar a kayan lantarki na jama'a. Tun daga nan, duk takardar mallakar ƙirƙira (brevet da Faransanci) da ta fito da sunan Apple kan wannan ƙarfe, sai ƙananan masu zuba jari su ɗauka iPhone mai jikin ƙarfen gilashi na kan hanya. Haka aka yi a Yulin 2013, da aka ba da takarda kan hanyar yin faranti da shi: farashin hannun jarin ya yi tsalle, sannan ya sauko. Abin da aka tabbatar Apple ya yi da ƙarfen a farko ɗan tsinken fitar da katin SIM ne.

Abin da jita-jitar ke tsallakewa yana cikin yarjejeniyar kanta: izinin Apple na dindindin ne, kuma an biya kuɗinsa gaba ɗaya. Ko da Apple ya ƙera miliyoyin wayoyi da fasahar, ba dole ba ne ya ƙara biyan Liquidmetal kaso a kan kowace waya. Ga shi kuma takardar mallaka a Amurka shekara 20 take yi, don haka na farko-farkon sun riga sun ƙare.

A 2016 ɗan kasuwar Sin Lugee Li, shugaban kamfanin Eontec da ke Dongguan, ya zuba kimanin dala miliyan 63, ya zama wanda ya fi kowa hannun jari a kamfanin.