Pleione, Tauraruwar Da Ta Raba Kan Masana

Wani mai karatu ya tambaye mu ko taurarin Kaza da 'Ya'yanta suna canjawa, ko kuwa yadda kakanninmu suka gan su haka suke. Akwai ɗaya da ta ƙi zama a kama guda, wato Pleione, wadda ido ke kamawa da ƙyar a gefen gabas.

Idan na'ura ta rarraba hasken tauraro zuwa launukan bakan gizo, layuka ne ke bayyana, su ke faɗin irin iskar gas ɗin da ke wurin. A ƙarshen shekarun 1880 aka ga layukan haidurojin masu haske a Pleione. Wajen 1905 suka ɓace. A 1938 suka dawo, tare da wasu siraran baƙaƙen layuka, alamar gas mai ɗan sanyi ya shiga tsakaninmu da ita. Irin waɗannan ake kira taurari masu ɓawo.

Masanin taurari Otto Struve, haifaffen Kharkiv, wanda yaƙin basasar Rasha ya kora Turkiyya kafin ya isa cibiyar Yerkes ta Amurka a 1921, ya riga ya kawo bayani tun 1931. Ya ce tsabar saurin juyawa ke sa tauraro watsar da gas ta tsakiyarsa, ya zama faifai. Wanda ya hango faifan ta gefe, ta cikin gas ɗin yake kallo, sai ya ga ɓawo.

Masaniyar taurari Vera Doazan ta Paris ba ta gamsu ba. Hujjarta a shekarun 1980 mai ƙarfi ce: tauraruwa ba ta sauya karkatarta cikin shekara ashirin, mu ma ba mu motsa ba, to don me ɓawon Pleione ya tafi a 1954, ya dawo a 1972? A ganinta, lulluɓin gas ɗin da kansa ke kumbura yana raguwa.

Ni dai ina bayan Struve, amma tambayar Doazan ce ta tilasta a cike giɓin da ya bari. Faifan ne ke karkata, ba tauraruwar ba. A 2007 Ryuko Hirata na Japan ya nuna faifan Pleione yana sauya fuska sannu a hankali, kuma ana ɗora alhakin haka a kan wata tauraruwa abokiyarta da ke zagaye ta duk kwana 218.