Bangaskiya, bege da ƙauna: tarihin wasu kalmomi a cocin ƙasar Maraɗi

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun wasu kalmomi da ake ji a majami'un ƙasar Cadawa, Agye da Gazawa, domin mu ga daga ina suka fito. Kungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta kuma kafa zango a Tsibiri a 1927. Amma littafin da ta zo ta dogara da shi ba a nan aka yi shi ba. A Najeriya aka fassara Littafi Mai Tsarki, ya fito cikakke a 1932, da hannun Dokta Walter Miller na Zariya a ciki. Ke nan manomin Gobir ko na Katsinar Maraɗi da ya shiga kirista ya karɓi addini da karin harshen gabas, ba da nasa ba.

Mu ɗauki kalmomi uku na babi na 13 cikin wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa. Masu fassara sun riƙe sunan Allah, sun riƙe annabi da mala'ika, amma sun kauce wa imani, suka zaɓi bangaskiya, wato ba da gaskiya, ƙirar ban kwana da ban haƙuri. A ganinmu zaɓin ya yi kyau ta fuskar nahawu: kalmar tana nuna aiki, mutum ne ke ba da wani abu. Sai dai ta zama shaida. Da jin ta a bakin mutum an san inda yake ibada. Ƙauna kuwa an fifita ta bisa so, tunda so ya haɗa har da son goro da son kuɗi.

Ta uku ta fi wuya. Bege a adabin malamai ɗoki ne na ganin Annabi, abin da masu karatun Ishiriniya suka sani tun kafin zuwan Turawa. Ɗora masa ma'anar jiran abin da aka alkawarta ya jawo ruɗani, shi ya sa ba mu yi mamaki ba da fassarar 1979 ta koma ga sa zuciya. Haka ma littafin da aka fara kira Misalai ya zama Karin Magana, aka jingina hikimar Sulemanu da wadda ke bakin tsofaffi.

Saura ilimi, kuma a nan ne aka yi hasara. Dokar mulkin mallaka ta 1922 ta tilasta koyarwa da Faransanci a makarantu masu zaman kansu na Afirka ta Yamma, alhali yawancin ƴan mishan ɗin masu Ingilishi ne, aikinsu da Hausar boko suke yi. Sai aka samu mutanen karkara masu karanta dogon littafi da harshensu, suna rubuta wasiƙa, amma a idon kwamanda jahilai ne, tunda ba su da takardar lakol. Barbara Cooper ta yi dogon bayani kan wannan cikas a littafinta na 2006. Abin da ya rage gare mu masu nazarin harshe shi ne mu naɗi wa'azi da addu'o'i a Cadawa da Agye, mu ga yawan kalmomin 1932 da har yanzu ke bakin dattawa, da waɗanda karin yamma ya ture.