Mutum Ɗaya a Ƙaramin Jirgi

Yaran makaranta, mun san kun saba jin labarin manyan jiragen ruwa masu ɗaukar ɗaruruwan mutane. Yau kuwa labarin wani jirgi za mu ba ku wanda ba ya ɗaukar kowa sai mai shi. Sunan mutumin John MacGregor, lauya ne a London, an haife shi cikin 1825.

Cikin 1865 ya sa aka sassaƙa masa ɗan kwalekwale, ya raɗa masa suna Rob Roy. Tsawonsa ƙafa 15, faɗinsa inci 28, nauyinsa laba 80 kaɗai. An rufe bisansa da katako, sai rami guda da aka bari a tsakiya inda zai zauna. Yana da filafili mai baki biyu na tuƙi, da ɗan ƙyalle da yakan ɗaura bisa sanda in iska ta taso, ta riƙa tura shi. Ku gwada shi da kwalekwalen Nufawa da ake fafewa daga gungumen itace, wanda ƙarti huɗu ba sa ɗaga shi, ku ga bambanci.

A watan Yuli ya tashi daga kogin Thames, ya ƙetare zuwa ƙasar Turai, ya bi kogin Rhine da Danube da tafkunan Suwizalan, ya komo ta kogin Seine na Faransa. Tafiyar ta kai mil 1,000. Kayansa duka na wata uku suna cikin jaka guda, tsawonta ƙafa ɗaya, faɗinta ƙafa ɗaya.

To, yaya yake wuni? Da safe ya jefa jirgi a ruwa, ya kama tuƙi. In iska ta zo ta bayansa ya ɗaga ƙyalle ya huta. In ya tarad da ruwa ya yi ƙaranci, ko madatsar masu injin niƙa ta tare hanya, sai ya sauko ya ja jirgin bisa ciyawa har ya wuce. Inda kogi ya ƙare kuwa, a ɗora jirgin a keken shanu ko a jirgin ƙasa. Da yamma ya nemi masauki a ƙauye, yara na biye da shi suna kallo. Ran Lahadi ba ya tafiya. Abin da muka fi jinjina masa shi ne, duk dutsen da ke ɓoye cikin ruwa shi kaɗai zai hango shi, in ya yi kuskure babu mai cetonsa.

Cikin 1868 ya nufi gabas da wani sabon jirgi wanda ake iya kwana ciki. Ya bi mashigin Suez tun ba a buɗe shi ba, ya shiga kogin Nilu, ya kai kogin Urdun. A nan yana da masu hidima da ke binsa ta tudu da dabbobi, amma a ruwa shi kaɗai ne.

Farkon 1869, kusa da tafkin Hula, Larabawan wurin suka faɗa ruwa suka kama shi. Suka ɗauki jirgin a kafaɗa, shi kuwa yana zaune ciki, har cikin tantin shaihunsu. MacGregor bai nuna tsoro ba. Ya buɗe 'yar battarsa, ya miƙa wa shaihun wani farin gari. Shaihu ya zaci sukari ne, ya lasa, ashe gishiri ne. Nan take shi ma ya lasa. Ga al'adar Larabawa, wanda kuka ci gishiri tare ya zama baƙonka, ba ka cutarsa. Daga baya suka sake shi, ya ci gaba har tafkin Galili.

Littafin da ya rubuta kan tafiyarsa ta fari ya fito cikin 1866, shekarar da ya kafa ƙungiyar masu kwalekwale a Ingila. Ya rasu cikin 1892. Tafkin Hula kuwa an janye yawancin ruwansa cikin shekarun 1950, aka mai da wurin gonaki.