Rufe Iyakar 1984 da Yunwar da Aka Kira El-Buhari

Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Layin ya ratsa ƙasar Hausa, ya bar Katsina a kudu, Maraɗi a arewa, alhali sarautar Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ce da suka yi ƙaura bayan jihadi. Tun daga lokacin, abin da fatake suka gada a matsayin fatauci ya koma fasa-ƙwauri a idon hukuma.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta kuma rufe iyakokin ƙasa. Hujjarta ba ta banza ba ce. Ana fitar da man fetur mai rahusa, ana safarar naira zuwa kasuwannin canji na maƙwabta, ga kuma tarzomar Maitatsine, wadda ta fara a Kano a 1980, ta sake ɓarkewa a Jimeta a farkon 1984. Da yake Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, sai mahukunta suka riƙa kallon baƙi a matsayin barazana ga tsaro.

Sai dai rufewar ta zo daidai da fari. Daminar 1984 ta yi gardama a Nijar, talakawan da suka saba sayo gero da dawa daga kasuwannin Jibiya da Illela, ko su tafi cin rani Kano, suka tarar da hanya a toshe. Shi ya sa har yau dattawan yankin Maraɗi ke kiran wannan yunwa El-Buhari. A ganina, a nan matakin ya kuskure: mai jaki da buhu biyu aka tare, amma babban ɗan sumoga, wanda ya san ɓarauniyar hanya kuma yake da abin miƙa wa jami'i, riba ma ya ƙara samu, domin kaya sun yi tsada. Ba a buɗe iyakar ba sai a Maris ɗin 1986, zamanin Janar Babangida.

A Agustan 2019 Buhari, a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, ya sake rufe ta, saboda shinkafar waje da makamai. A wannan shekarar ce dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindiga.