Lokacin da ƙarancin harsashi ya girgiza gwamnatin Ingila

Yau zan kai ku shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ranar 9 ga Mayu sojojin Birtaniya suka kai farmaki a Aubers, ƙasar Faransa, suka kwashi kashinsu a hannu. Bayan kwana biyar jaridar The Times ta fasa ƙwai: igwa na nan, harsashin da za a ɗura mata ne bai isa ba. Ma'aikatar yaƙi ƙarƙashin Kitchener ta dogara da 'yan kamfanonin da ta saba da su, su kuwa sun karɓi odar da ta fi ƙarfinsu, ga ƙwararrun ma'aikata sun tafi fagen daga.

Kafin watan ya ƙare, dole Firayim Minista Asquith ya kafa gwamnatin haɗaka. Aka cire harkar makamai daga hannun sojoji, aka yi mata ma'aikata tata, aka damƙa wa Lloyd George. Ya jawo 'yan kasuwa, ya gina masana'antun gwamnati, aka ɗebi mata aiki. Wasunsu har fatarsu ta koma ruwan ɗorawa saboda sinadarin TNT.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne asiton, sinadarin da ake buƙata wajen haɗa albarushi. Chaim Weizmann ya gano yadda ake samunsa daga masara. Da masarar ta yi wuya a 1917, ku ji fa, 'yan makaranta aka sa tsinto 'ya'yan itace.

Gaggawar ma ta yi ɓarna. A yaƙin Somme na 1916, harsasai da yawa sun faɗi ba su fashe ba.